Yadda za ka yi binciken da zai isa bakin ruwa: hanyar Castilla da masuntan Cile

Duk shekara ɗalibai kan kawo mini maudu'in binciken kammala karatu, kuma galibi abu ɗaya ne: a sayi karfasa ko tarwaɗa a bakin dam, a auna tsawo, a auna nauyi, a farke ciki a ga abin da ta ci, a zana jadawali, a ɗinke kundi. Aikin ba shi da laifi, da shi ake koyon hannu. Sai dai ranar da aka ba da maki ita ce ranar da kundin ke hawa kanta, kuma masuncin da aka sayi kifin a hannunsa ba zai taɓa jin abin da aka gano ba. Wannan yana damuna ƙwarai, domin ruwanmu na ƙarewa da kifi, mu kuma muna da ilimin da zai taimaka.

Misalin da nake kafa wa mai son bincikensa ya canza wani abu shi ne Juan Carlos Castilla, masanin halittun teku ɗan ƙasar Cile, haifaffen 1940, malami a Jami'ar Katolika da ke Santiago. Ya fara da killace ɗan guntun gaɓar teku, aikin ya ƙare da shiga dokar kamun kifi ta ƙasa baki ɗaya. Zan bi sawunsa, in nuna maka abin da za ka ɗauka, kai ɗalibi ko ke ɗaliba, ko da ruwan da ke kusa da ku tafki ne.

Zaɓi halittar da tukunyar wani ta rataya a kanta

Castilla ya ɗauki loco, wani babban dodon koɗi na teku da masana ke kira Concholepas concholepas. A gaɓar Cile da Peru yake, a manne da dutse, yana cin nama, kuma namansa na da tsada. Kafin tsakiyar shekarun 1970 a gida ake cinsa, abin da ake kamawa a shekara bai wuce tan dubu kaɗan ba. Da aka buɗe ƙofar fitar da shi zuwa kasuwannin Asiya, musamman Japan da Taiwan, sai kowa ya faɗa ruwa. A 1980 an kama kusan tan 25,000. Masu nutso suka riƙa bin gaɓa da kwale-kwalensu da injin iska da dogon tiyo, su share wannan wuri su wuce na gaba. Ba a jima ba kamun ya faɗi, har gwamnati ta haramta kama loco gaba ɗaya daga 1989 zuwa 1992.

Ka lura da abin da wannan zaɓi ya saya masa. Duk abin da zai gano game da loco, akwai dubban magidanta da ke da dalilin tsayawa su saurara, akwai kuma hukumar da ke neman mafita ruwa a jallo. Kafin ka rubuta take, je wurin da ake sauke kifi ka tambaya: wane ne a da yake cika jirgi, yanzu sai an wahala? Amsar da ta fi maimaituwa a bakin masunta da mata masu banda ita ce maudu'inka.

Nemo wurin da za ka hana taɓawa

Nan zan daɗe, domin nan ne ƙashin bayan aikin.

A 1982 jami'arsa ta kafa tashar bincike a Las Cruces, a tsakiyar gaɓar Cile. Aka kewaye kusan mita 500 na gaɓar duwatsu da shinge, aka hana kowa shiga ya tsinci komai. Hagu da dama kuwa mutane suka ci gaba da abin da suka saba: idan teku ya janye, su sauko da ƙarfen ɓamɓara da buhu, su kwashi loco da sauran halittun da ake ci. Tekun ɗaya ne, igiyar ɗaya, sanyin ruwan ɗaya. Bambancin kawai shi ne hannun ɗan Adam.

Dabarar ba daga sama ta faɗo ba. Tun 1963 Robert Paine, a Makah Bay ta jihar Washington a Amurka, ya riƙa ɓamɓare wani tauraron teku, halitta mai cin kumba, daga dutse yana wurgarwa, don ya ga abin da zai faru idan mafarauci ya kau. Kumba ta mamaye dutsen ta kori sauran halittu. Paine da Castilla sun yi aiki tare a gaɓar Cile. Abin da Castilla ya ƙara shi ne ya ɗauki mutum a matsayin mafaraucin da za a cire. Masana da yawa a lokacin sukan je gaɓa su ƙirga abin da suka tarar, su ce haka Allah ya yi wurin, alhali abin da suke ƙirgawa ragowar abin da buhu ya bari ne.

Yadda za ka yi naka: ka sami wuri biyu ko fiye masu kama da juna a zurfi, da irin ƙasa ko dutse, da ƙarfin ruwa. Ɗaya za a hana taɓawa, sauran a bar su yadda suke. Ka fara awo tun kafin a rufe. Wannan shi ne abin da aka fi tsallakewa, kuma idan ka tsallake shi duk wanda ba ya son sakamakonka zai ce ai dama can wurin ya fi albarka, kuma ba ka da bakin musu. A gaɓar duwatsu ana miƙa igiyar awo daga sama zuwa bakin ruwa, a ɗora firam mai kusurwa huɗu a wuraren da aka ƙayyade tun farko, a ƙirga duk abin da ke ciki, a auna girman kowanne, a ƙiyasta kashi nawa na dutsen kowace halitta ta rufe. A tafki ko kogi raga ce firam ɗinka: ido ɗaya, tsawo ɗaya, a kafa da yamma a lokaci ɗaya, a ɗauke da asuba a lokaci ɗaya, ciki da waje a dare guda. Idan ka sauya idon raga a tsakiyar aiki, ka raba bincikenka biyu, kuma rabi ba zai yi magana da rabi ba.

Girma ya fi yawa muhimmanci a wurina, kuma ina so ka riƙe wannan. Mai tsinta manya yake ɗauka, manyan nan kuwa su ne masu zuba ƙwai da yawa. Wurin da ake yawan taɓawa zai iya cika da ƙanana, mai ƙirga kai kawai ya koma gida yana murna. A Cile dokar loco ita ce kada a kama wanda bai kai santimita 10 ba, saboda haka tambayar da ke da amfani ita ce nawa ne suka haura wannan ma'auni, ciki da waje.

Wurin da aka killace guda ɗaya yana da rauni, domin ana iya cewa dace ne. Abin da ya ƙarfafa Las Cruces shi ne can kudu, a Mehuín, Carlos Moreno da abokan aikinsa na Jami'ar Austral sun killace tasu gaɓar tun 1978, kuma suka ga abu mai kama da haka. Idan kana da aboki a wata makarantar da ke kusa da wani ruwan, ku daidaita hanyar awonku tun daga rana ta farko.

Ƙirga mutane kamar yadda kake ƙirga halittu

Ɗaliban Castilla sun zauna a gaɓa suna lura da masu tsinta: mutum nawa ke sauka, a wace rana, awa nawa suke yi, me ke cikin buhun, girmansa nawa. Ba tare da wannan ba, za ka ce mutane na rage halitta amma ba za ka iya cewa da nawa ba. Ka yi shi da ladabi. Ka fara gaida shugaban wurin, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka, ka nemi izini kafin ka taɓa kwandon kowa. Mai biro da takarda a bakin ruwa ana ɗaukarsa ɗan haraji ne, kuma idan aka ɗauke ka haka rabin kamun zai sauka a wani lungu.

Jira, kuma ka rubuta abin da ba ka so gani ba

Cikin shekara biyu zuwa uku loco a cikin shingen ya ninka na waje kusan sau goma. Castilla da L. René Durán sun buga wannan a mujallar Oikos a 1985. Da nan ya tsaya, da an samu labari mai daɗi. Amma ya ci gaba da awo, sai ga abin da ya biyo baya. Kafin shinge, tsakiyar gaɓar a rufe take da wata ƙaramar kumba, Perumytilus purpuratus, kusan babu wurin sa ƙafa. Da loco ya yi yawa sai ya cinye ta. Dutse ya fito tsirara, daga baya wasu ƙananan halittu masu ɓawo da ke mannewa a dutse suka mamaye shi. Wasu dodon koɗin masu kiwon gansakuka, waɗanda su ma a da ake kwashewa, suka yi girma suka rage ciyawar teku. Gaɓar ta sauya kama gaba ɗaya.

Wato hana taɓawa ba ya ƙara komai da komai. Wani ya ƙaru, wani ya ragu, domin halittun suna cin juna. Wanda ya rufe tafki zai iya tarar da giwan ruwa ya yi ƙiba, ƙananan kifayen da mata ke soyawa su sayar sun yi ƙasa. Idan ka ga haka ka rubuta shi a fili, a babin sakamako, da adadinsa. Masunta za su gani da idonsu ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba, kuma ranar da suka gane ka ɓoye rabi, ranar ka rasa su.

Miƙa ma'auni ga masu ruwa

A ƙarshen shekarun 1980, loco na ƙarƙashin haramci, Castilla da mutanensa suka ɗauki abin da suka gani a Las Cruces suka kai wa ƙungiyoyin masunta a tashoshin Quintay da El Quisco. Shawarar mai sauƙi ce: ku ware wani yanki na ƙasan teku a gaban garinku, ku daina nutso a ciki, ku tsare shi daga baƙi, mu kuma mu zo mu auna tare da ku. Masu nutson garin su ne suka sauka ƙasa, su suka ɗebo samfur, aka auna a gabansu. Bayan ɗan lokaci mai nutso ya ga cewa a awa ɗaya cikin yankin da aka huta yana cika abin da ba zai cika ba a waje, kuma manya ne, masu kuɗi. Gani ya kori ji.

A ganina nan ne aikin ya tashi daga na jami'a ya zama na jama'a. Manomi ya san amfanin barin gona ta huta, amma ba zai bar ta ba idan ya san maƙwabci zai shigo ya shuka. Masuncin ma haka. Ya riga ka sanin cewa ruwa na ƙarewa. Abin da ya hana shi haƙuri shi ne duk loco da ya bari yau, wani zai ɗauke gobe. Saboda haka binciken ya amsa tambaya biyu a lokaci guda: shin halittar na farfaɗowa idan an bar ta, kuma shin ƙungiya na iya tsare yankinta. Ta biyun ita ce wadda ɗan doka ke buƙata.

A aikace, ga yadda nake so ka yi. Ka koya wa mutum biyu ko uku daga cikinsu riƙe allon awo da cika takarda. Ka bar musu kwafi, kada ka tattara duka ka tafi. Bayan kowane zagaye ka dawo ka faɗi sakamakon da baki, da harshen da ake ciniki da shi a wurin, a lokacin da ba su kan ruwa. Ka yi magana da kwando da kuɗi da awa, domin da su suke lissafi. Idan dattijo ya ce maka: "Malam, wannan watan ba a samun wannan kifin a nan, ya hau sama," ka rubuta, ka gwada. Sau da yawa zai cece ka daga kafa raga a inda babu komai. Kuma kada ka yi alkawarin injin jirgi ko bashin da ba a hannunka yake ba.

Shirya alƙalumanka kafin ƙofa ta buɗe

Cile ta koma mulkin farar hula a 1990, a daidai lokacin da kamun loco ya durƙushe, ana kuma sake rubuta dokar kamun kifi. Dokar 1991 ta keɓe mil biyar na farko daga gaɓa ga ƙananan masunta, ta ɗaure kowane masunci da yankin da ya yi rajista, ta kuma ba ƙungiyoyinsu damar neman wani yanki na ƙasan teku su kaɗai su ci moriyarsa. Ana kiran tsarin AMERB. Ƙungiya za ta nema, a yi binciken farko a san abin da ke ƙasa, a rubuta tsarin kulawa, hukuma ta amince da adadin da za a ɗiba, sannan a riƙa sake awo ana kai rahoto. An ɗauki shekaru kafin ƙa'idojin aiwatarwa su kammala, sai wajen 1997 aka fara ba da yankunan a hukumance. Zuwa 2010 sun haura 700.

Castilla bai san ranar da gwamnati za ta sauya ba. Abin da ke hannunsa shi ne ranar da aka nemi hujja, yana da awon kusan shekara goma, yana da masunta masu cewa mun gwada ya yi. Kai ma ka taƙaita sakamakonka a shafi ɗaya, babu kalmomin Latin, ka ajiye. Ka san sunan jami'in sashen kifi na jiharka, ka gayyace shi ranar awo. Sabon kwamishina, ko rikici tsakanin garuruwa biyu a kan tafki, ko shekarar da kamu ya faɗi warwas, su ne lokutan da ake neman mai takarda a hannu.

Koma ka duba abin da ka haifar

Abin da ya fi sa ni girmama wannan aiki shi ne Castilla da abokan aikinsa, musamman Stefan Gelcich, sun ci gaba da bin tsarin suna buga aibinsa. Sun nuna alherinsa: yankunan da aka kula da su da kyau sun fi buɗaɗɗen ruwa yawan halittu, har da kifayen da ba a yi tsarin dominsu ba. Amma satar loco da dare ta zama babbar matsala, tsaro na cin kuɗi da barci, wasu yankunan ba su da albarkar da za ta biya kuɗin masanin da ke yin awo, kuma farashi na hawa da sauka da kasuwar waje. Ga kuma wani abu na halittar kanta: 'ya'yan loco kan yi wata da watanni suna yawo cikin ruwa kafin su sauka su manne, saboda haka irin da ke cika yankinka daga wani wuri yake zuwa. Idan aka share buɗaɗɗen ruwa, shingenka ma zai ji a jikinsa.

Akwai darasin Puertecillo, wani ƙauye a gaɓar Cile, wanda suka buga a 2006, kuma shi ya fi shafarmu. A can mutane na da tsohon tsarinsu na raba gaɓa kashi-kashi don yankan wata doguwar ciyawar teku da ake ci, cochayuyo, ana raba wuraren da ƙuri'a. Da sabon tsarin gwamnati ya zo da rajista da takardu, sai ya raunana wancan na gargajiya da ke aiki lafiya. Don haka kafin ka kawo shawara ka tambaya wa ke da iko da ruwan nan tun asali. A Argungu, kogin Matan Fada a rufe yake ga masunta sai lokacin bikin kamun kifi, kuma Sarkin Ruwa ke riƙe da wannan al'ada tun kafin a haifi kowane sashen kifi. A fadamar Haɗejiya da Nguru akwai tafkunan da ambaliya ke bari, masu iyayen gida da ranar buɗewa. Waɗannan su ne shingen da ba sai ka gina ba. Aikinka ka nemi izini ka auna su, ka kwatanta da inda ba a hana kowa. A tafkin Kainji ma, aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus na shekarun 1990 ya tattara alƙaluman kamu tare da masunta da sarakunansu, har aka kai ga haramta jan dala, wato babbar ragar da ake ja zuwa gaɓa, saboda ƙananan kifayen da take kwashewa.

Sai dai ka yi hattara da kwafa ido rufe. Loco a manne yake da dutse, kifi kuwa tafiya yake. Killace guntun kogi ba zai tsare kifin da ke hawa ɗaruruwan kilomita ya yi ƙwai ba. Hanyar ta fi dacewa da tafki rufaffe, ko da halittar da ba ta motsi. Shi ya sa ta karɓi matan ƙungiyar TRY a Gambiya, masu ɓamɓaro kumba daga saiwar itatuwan bakin teku: a 2012 gwamnati ta ba su ikon cin moriyar kumbar dausayin Tanbi su kaɗai, suna rufewa wata takwas su buɗe wata huɗu.

Da me za ka auna tasirin?

Castilla ya karɓi lambar yabo ta ƙasar Cile a fannin kimiyyar aikace a 2010, da lambar Ramon Margalef ta masu nazarin halittu da muhallinsu a 2011, kuma masana da dama sun ambaci takardunsa. Ba na raina wannan, da shi ake samun ƙarin girma da kuɗin bincike. Amma idan ina duba aikin wani, tambayoyina daban ne. Akwai ƙa'idar da ta sauya, ko ta gwamnati ko ta gari? Akwai masuncin da zai iya faɗin sakamakon da bakinsa ba tare da ya karanta kundin ba? Girman abin da ake kamawa ya motsa? Ana ci gaba da awon bayan mai binciken ya tafi? Shingen Las Cruces na nan, a 2005 aka mai da wurin yankin teku mai kariya a hukumance, kuma ɗaliban ɗalibansa na awo a kan duwatsun nan.

Na san za ka ce shekara ɗaya gare ka, kuɗinka kuma na mota ne da ƙanƙara. To ka yi zagayen farko, wanda ya fi kowanne tsada a gaba, wato awon kafin a rufe. Ka ɗauki lambar GPS ta wurin da wayarka, ka zana taswira da alamun da ba sa gushewa, ka rubuta idon raga da tsawonta da lokacin kafawa da ɗaukewa dalla-dalla yadda baƙo zai maimaita ba tare da ya kira ka ba. Ɗanyen alƙaluman, ba jadawalin da aka tace kawai ba, ka bar kwafi uku: ɗaya a sashe, ɗaya wurin malaminka, ɗaya wurin shugaban masunta. Kafin ka bar makaranta ka kama hannun ɗalibin ajin da ke bayanka, ka kai shi bakin ruwan, ka gabatar da shi ga Sarkin Ruwa da mutanen da suka riƙe maka allo, ku kafa ragar zagaye na biyu tare.